Takalmanmu a Ƙofar Majami'a

A tashar Maiduguri aka fara cutar mu, kuma wanda ya cuce mu yana riƙe da tasbaha.

Ni da Kawu Nomau ne, yayan mahaifiyata, mahaucin Karofane da ƙasar Buza duka ta san hannunsa a kan tukuba. A ƙarshen shekarun saba'in ne, shekarar da damina ta yi mana rowa har geron da muka yanka bai rufe gindin rumbu ba. Kawu ya naɗe wuƙaƙensa cikin fatar akuya, ya ce in biyo shi cin rani ƙasar Cadi. Mai tasbahar ya same mu a tashar zaune bisa kayanmu, rigarsa fara tas, sai ƙamshin turare. Ya ce daga jin harshenmu ya san baƙi ne daga Nijar, kuma shi ba ya iya ganin ɗan'uwansa Musulmi cikin rana ya wuce. Ya karɓi kuɗin mota, ya ɗora mu bisa wata kamiyo, babbar motar kaya, mai buhunan gishiri, ya yi mana doguwar addu'ar sauka lafiya, muka shafa. Da direban gaskiya ya zo, da sanda ya sauke mu.

Kawu bai zagi kowa ba. Ya kakkaɓe gishirin da ke wandonsa ya ce, "Addu'ar dai mun shahwa. Ita ba shi iya amshe ta."

Ni kuwa a ɓoye har daɗi na ji. A cikin jakata akwai ƙananan littattafan da na saya a kasuwar Kano, irin na jarumai da gimbiyoyi, kuma a cikinsu babu jarumin da ya kai ga masoyiyarsa ba tare da an yaudare shi a birnin farko ba. Tawa gimbiyar Tsahara ce, mai sayar da tabarmi a kasuwar Bangi, mai idanu kamar tabkin Keita bayan ruwan fari. Ranar da na ce mata zan yi tafiya, abin da ta ce kawai shi ne Allah ya kiyaye hanya, amma ni na gina gida mai bene a kan wannan kalma. Yaƙi ma ina son sa a lokacin. A littafi yaƙi yana zuwa da tambura da walƙiyar takobi, kuma waɗanda suka faɗi ba su da suna, ba su da uwa.

Muka yi dako a tashar har muka haɗa na wata motar. A Kusiri muka shiga bak, jirgin fito, muka tsallaka kogi zuwa Njamena, a can na fara ganin bindiga a hannun wanda gemu bai fito masa ba. Gari ne mai yawan soja da ƙarancin dariya. Wani mutumin Azarori, can wajenmu, da muka tarar yana sayar da shayi ya ce mana mahauta sun yi yawa a nan, mu gangara kudu inda akwai shanu da masu sha'awar tsire. Ya ƙi karɓar kuɗin shayinsa. Ya ce in mun koma gida mu gaya wa tsohuwarsa yana da rai, shi ke nan.

Hanyar kudu bariyar ce bayan bariyar, wato shingen sojoji. A kowace sai a sauke mu, a jera mu cikin rana, a duba fuska kafin a duba takarda. A wata bariyar wani soja ya ɗora mini bakin bindiga a ciki ya tambaye ni na arewa ne ko na kudu. Na ce da ɗan Faransancin da na tsinta a lekol, makarantar boko, ni na Nijar ne. Ya ce bai tambaye ni ƙasa ba. Kawu ya kwance ƙullin kilishinmu ya miƙa masa duka, sannan sojan ya ɗage bindigar. Tun daga nan tsoro bai sake barina ba.

Garin da muka sauka ba zan faɗi sunansa ba. Yana bakin kogin Logon, Kamaru na tsallake, kuma ko'ina mangwaro ne da ciyawa, har idona ya riƙa neman jajayen duwatsun ƙasarmu Adar bai samu ba. Akwai zango inda Musulmi ƴan kasuwa suke, amma ba ɗaki. Aka nuna mana gidan wani fasto mai suna Samuwel, wanda ke da ɗaki a zaure yana ba baƙi haya. Gajere ne, mai furfura, da tabarau ɗaure da zare. Kawu ya daɗe tsaye yana kallon gicciyen itacen da ke bisa majami'ar da ke jikin gidan.

"Arzika," ya ce mini, "tambaye shi, in munka yi salla cikin gidanai, shina jin haushi?"

Na tambaya. Fasto ya kira matarsa, Mama Debora, ya yi mata magana da yarensu. Sai ga ta da sabuwar tabarma da buta. Daga ranar Kawu ya riƙa kiransa maigida.

Muka kafa tukuba a bakin tasha, kuma kasuwa ta karɓe mu. Da bikin Kirsimeti ya zo, Fasto ya jawo bunsurunsa har gaban Kawu ya ce shi zai yanka, don maƙwabtansa na zango su iya cin naman. Ashe haka suke yi a garin tun da daɗewa. Ni kuma na yi aboki, Daniyel, ɗan ƙanen Fasto, mai gyaran mota a tasha. Kullum sai ya zo ya zari tsinke ɗaya ba izini, ya ce zakkar Kirista ce. Yana tsokanata wai na bar giyar dawa da naman alade, to me ya rage mini a duniya. Ni kuma in ce Tsahara ta rage mini. Har ya haddace sunanta, in ya hango ni daga nesa sai ya ce, "Angon Tsahara, yau ma ba ta aiko tsuntsu ba?"

Da la'asar sakaliya tsofaffin biyu sukan zauna gindin mangwaro suna gardama da Larabcin kasuwa, inda ya gagara in cika musu da Faransanci. Kawu ba ya iya ɓoye abin da ke ransa.

"Maigida, ku kuna cewa in an mare ka kar ka rama. To Nasaran da sunka ɗaure kakanninmu sunka kai su aikin dole, su karatun bai kai gare su ba?"

Fasto ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ya kai. Sun bar shi cikin aljihun rigar Lahadi. Ku fa, da gaisuwarku kullum aminci ce? Waɗanda suka ɗaure ƙanwar kakata da igiya suka kai ta arewa, da sallama suka shigo ƙauye."

Kawu ya ɓantari goro. "Wannan kam an yi," ya ce. "Kakana Azne na, bai taɓa kai goshinai ƙasa ba. Amma shi kan ce ƙasad da ta sha jinin mutum ba ta ba da hatsi. Mu da munka samu littahi, ban san ko mun hi shi ba."

Sanyi na ƙarewa labari ya zo cewa faɗa ya ɓarke a Njamena tsakanin sojojin arewa da na kudu. Da farko a rediyo muka ji. Daga baya motoci suka fara isowa cike da mutanen kudu masu gudu, mata da yara bisa katifu, wasu ba ko ɗankwali. Kowace mota ta sauke mutane sai ta sauke labari, kuma kowane labari ya fi na jiya muni. Masu sayen tsirenmu suka riƙa wucewa ba gaisuwa. Wata rana matar yayan Daniyel ta sauko daga kamiyo da jariri a baya, ita kaɗai. Mijinta Yakubu ma'aikacin gidan waya ne. An kira shi ƙofar gidansa, aka tambayi sunansa, aka harbe shi.

Na je yi wa Daniyel gaisuwa. Yana zaune bisa tayar mota. Na miƙa masa hannu, ya dubi hannun kamar bai san ko mene ne ba, har na mayar da shi aljihu.

Ranar Juma'a masallacin zango ya rabu biyu. Wani matashin malami mai zaƙin murya ya miƙe bayan salla ya ce Allah ya yi wa wanda aka zalunta izini ya kare kansa, kuma tunda ana wasa adduna a unguwannin gari, kowa ya fito da baka da takobi mu riga su. Liman, wani tsoho da ƙyar ake jin muryarsa, ya ce izinin yaƙi ba abu ne da kowane mai zafin kai zai ba kansa ba. Ya ce mun ci abincin mutanen nan, mun sha ruwansu bisa amana, kuma ko a fagen yaƙi na gaskiya addini ya hana taɓa mace da yaro da tsoho da wanda ke cikin ɗakin ibadarsa. Ya ce mai makoki ba abokin gaba ba ne, a je a yi musu ta'aziyya. Wasu suka yi tsaki. Ni zuciyata ta bi matashin, don maganarsa ta yi kama da ta littattafaina, har na ga kaina tsaye a bakin zango da takobi, labari na kai wa Tsahara. Kawu ya lura da fuskata, ya murɗe mini fatar cinya.

Ranar Lahadi muka ji irin wannan hayaniya ta bayan zana, daga majami'a. Mama Debora ce ta fassara mini daga baya, tana tsinke ganye. Wani dattijon majami'a ya ce mutanen Allah na dā sun fita yaƙi da yardar Allah, kuma jinin ƴaƴansu ba ruwa ba ne. Fasto ya ce Almasihu ya hana almajirinsa zare takobi a ranar da aka zo kama shi kansa, to wa ya fi shi hujja? Mazan da yawa suka tashi suka fita tun ba a yi addu'ar rufewa ba, har da Daniyel.

Muka so tafiya, amma motoci sun daina fita, kuma matasa sun tsare hanyar kogi. Muka daina kafa tukuba. Muna zaune a zaure muna sauraren kowane takun ƙafa. Ko kukan jaki na ji sai in miƙe in leƙa ƙofa.

Ranar kasuwa da hantsi abin ya zo. Da farko kamar ƙarar ruwan korama in ya taso daga tudu, ka ji shi tun ba ka gan shi ba. Sai kuma ihun mata, sai hayaƙi daga wajen zango. Fasto ya shigo zaure yana haki.

"Kowa ya san kuna nan," ya ce. "Gida ba zai tsare ku ba. Ku zo majami'a, mata na ciki suna addu'a. Amma ban da ƙarfe. Ba a shiga mini da ƙarfe."

Kawu ya ɗauko fatar akuyar nan. Wuƙaƙen ubansa ne, da su ya ciyar da gida tun ba a haife ni ba. Ya miƙa wa Mama Debora, ta tura su ƙarƙashin tukwane. Sannan ya juyo ya buɗe mini tafin hannu, ashe ya ga lokacin da na soke ƙaramar wuƙar a ƙugu.

"Kawu, in sun shigo fa?"

"In sun shigo mi za ka yi da ita? Wuƙag ga ba ta taɓa wuyan da ba a ambaci sunan Allah bisanai ba. Wane suna za ka ambata bisa mutum? Kawo."

Na ba shi.

Muka bi ta ɓarakar zana a sunkuye. Majami'ar ɗaki ne dogo na laka da rufin kwano, ƙofarta ɗaya, tana kallon hanya. Fasto ya riga mu ya tura ƙofar. Mu kuma da muka iso bakinta, ba wanda ya yi shawara da wani, muka tsaya muka tuɓe takalma, muka jera su jikin bango gefe da gefe, muka shiga da ƙafar dama. Tun muna yara ba mu taɓa shiga ɗakin da ake kiran Allah da takalmi ba, ƙafa ce ta yi abinta. Fasto yana gaba bai gani ba.

Matan ba su tambayi komai ba. Suka kwantar da mu ƙarƙashin benci a can gaba, suka lulluɓe mu da zannuwa, suka zauna a kai. Wata tsohuwa da ban taɓa yi wa magana ba ta ɗora dugaduganta bisa bayana kamar buhu ne. Suka ɗauki waƙa. Ƙasa na warin kashin jemage, ƙura na shiga mini hanci, ina danne atishawa da haƙora. Na ce bari in tuna fuskar Tsahara ko zuciyata ta kwanta. Na nema, na nema, ban same ta ba. Tabarminta na gani, da rumfarta, amma fuskar ta ƙi zuwa. Wannan ya tsorata ni fiye da ihun da ke waje.

Ƙafafu suka wuce a guje, wasu suka biyo. Waƙar ta yi ta tafiya. Har na fara cewa mun tsira, sai takun wasu ya tsaya, waƙar ta yanke a tsakiya.

"Baba." Muryar Daniyel ce, kuma da Faransanci ya yi maganar, don wanda yake so ya ji ya ji. "Takalman wa ke nan?"

Kawu ya damƙe mini hannu a ƙarƙashin zane. "Arzika," ya ce cikin raɗa, "takalma."

Takalman Adar ne, na jar fata masu faɗin baki da ɗinkin kore, aikin dukawan Madawa. Babu mai sa irinsu a duk ƙasar nan sai mu biyu, kuma Daniyel ya sha yi mini dariya a kansu wai kwalekwale nake takawa. Da mun rubuta sunayenmu a bango da gawayi ma da bai fi haka bayyana ba.

Ta wata ƴar kafa tsakanin zane da ƙasa ina ganin ƙofa. Na ga siraran ƙafafun Fasto a tsakiyarta. Bayansu ƙafafu da yawa, wasu da takalman soja, wasu ba komai. Na ga bakin adda yana kallon ƙasa, kuma ba tsatsa ce ta ɓata shi ba. Na yi ta roƙo a raina tsohon ya yi ƙarya, ya ce nasa ne, ya ce an ba shi kyauta.

"Ka san masu su," in ji Fasto.

"To ka matsa."

"Ba zan matsa ba."

"Sun kira Yakubu ƙofar gidansa, Baba. Sunansa kawai suka tambaya."

"Ni na raɗa masa sunan. Kada ka koya mini kukan Yakubu. Waɗannan ne suka kira shi?"

"Irinsu ne."

"Waɗanda suka harbe shi ma haka suka ce. Irinsu ne."

Wani daga baya ya yi magana da ƙarfi da yarensu, wasu suka amsa. Daga baya na ji cewa ya yi a kawo fetur. Tsohuwar da ke bisa bayana ta danna ni da dugadugai, ta ɗaga murya ta kira wani suna, ta bi shi da faɗa irin wanda uwa kaɗai ke yi. Wanda ya yi maganar bai ƙara ba.

Fasto ya sassauta murya, har sai da na riƙe numfashi kafin in ji.

"Daniyel, dubi abin da ke gabanka da kyau. Mutanen nan mutuwa ce ta biyo su a guje. Da suka iso nan suka tsaya suka tuɓe takalma, don ɗakin Ubangijinka ne. Ba su san waƙarmu ko ɗaya ba. Kai da aka kawo ka nan cikin zanen goyo, dubi abin da ka zo shiga da shi. In shiga za ka yi, ni tsoho ne, ba ni da ƙarfin hana ka. Amma ka tuɓe naka, ka ajiye addar kusa da nasu, sannan ka shigo ka gaya wa Allah abin da ya kawo ka."

Ba wanda ya motsa. Wani jariri ya fara kuka aka toshe masa baki da nono. Ina jin bugun zuciyar Kawu ta tafin hannunsa, ina jin leɓɓansa na maimaita kalmar shahada. Ƙafar Daniyel ta matso har ta taɓa dokin ƙofa, ta tsaya a nan. Sai na ga bakin addar ya sauka, ya tsinci takalmina ɗaya, ya wurga shi tsakiyar hanya. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Za mu kasuwa," ya ce. "In muka dawo ban san kowa ba. Har kai, Baba."

Ƙafafun suka juya.

Fasto bai jira ba. Ya ɗauko baƙar kwat ɗinsa ta Lahadi ya sa, ya ce mu fito. Mata biyu suka jawo mu daga ƙarƙashin benci. Suka yafa mana zannuwa a ka, suka kewaye mu, Fasto ya riƙe hannun Kawu da dama, nawa da hagu, muka fita tsakiyar rana suna waƙa kamar masu rakiyar gawa. Takalman ba mu ko dube su ba.

Hanyar kogi ta bi ta gefen zango. Kawu ya ce in dubi ƙasa, amma ido ba ya jin magana. Rumfuna na ci da wuta. A ƙofar masallaci na ga liman kwance bisa gefensa, butarsa kusa da shi ba ta ko zube ba, shi da ya ce a je a yi ta'aziyya. Gaba kaɗan na ga wani saurayin gari mai sayar da burodi a tasha, wanda kullum yake ba ni na jiya kyauta, kibiya a wuyansa. Duka biyun na san sunayensu. Na tsaya ina kallonsu, Fasto ya ja hannuna ya ce, "Tafi, ɗana, tafi."

A gangaren kogi wasu samari biyu da sanduna suka taso. Matan suka ƙara ƙarfin waƙa, suka nufe su kamar ba su gan su ba, samarin suka ja gefe suna kallon Fasto. Yashi ya yi zafi kamar tukuba, ƙaya ta cika mana tafin ƙafa, ban ji ba sai daga baya.

Masunci ɗaya muka tarar, wani dogon mutum da layu a damtse, ba ya masallaci ba ya majami'a. Ya ce ba ruwansa da faɗan masu littafi, kuma ba ya son a ƙone masa jirgi. Fasto ya tuɓe kwat ɗin ya miƙa masa. Mutumin ya juya ta, ya shinshina, ya nuna mana jirgin da haɓa.

Kawu ya sa ƙafa ɗaya a ciki, amma bai saki hannun Fasto ba.

"Maigida, shigo mu tahi. Yaran ga ba su barin ka."

"Matata na can."

"A ɗauko ta. Muna jira."

Fasto ya girgiza kai. "Akwai wasu naku da ke ɓoye a gidajen mutanena, ba su san hanyar kogi ba. Su Daniyel ma nawa ne. In sun dawo daga kasuwa da abin da suka aikata a hannunsu, dole su tarar da wani a ƙofa."

Ya zare hannunsa a hankali, ya tura bakin jirgin da kansa.

Ruwa ya janye saboda rani, amma tsallakawar ta yi mini tsawo kamar daga garin Tawa zuwa Makka. Ina kwance a cikin jirgin ina jiran ƙarar bindiga daga baya. Sai da ƙasan jirgi ya goge yashin Kamaru na ɗaga kai. Muka fito da rarrafe. Littattafaina da kayanmu da wuƙaƙen Kawu duk suna can, daga mu sai zannuwan matan da ba mu san sunansu ba.

A tsallake matan sun fara hawa gangare. Fasto na bayansu shi kaɗai cikin farar shat, ƙarami kamar ɗan tsako, yana tafiya a hankali. Kawu ya daɗe yana kallonsa. Jini na fita daga tafin ƙafarsa yana shiga yashi.

"Arzika, mi a sunanai na gaskiya?"

"Samuwel, Kawu."

"Sama'ila?"

"A'a. Samuwel."

Ya maimaita, ya karye masa a harshe, ya sake, har ya zauna daidai. "To," ya ce. "Kar in zo roƙa mishi Allah in ɓata shi."

Azahar ta yi. Muka yi alwala da ruwan kogin, Kawu ya dubi rana ya daidaita alƙibla, na tsaya a damansa. Daga inda muke, gabas ita ce wajen garin. Muka ta da kabbara muna fuskantar hayaƙin, da farar rigar da ke hawa gangare tana nufar cikinsa. Kawu ya daɗe a sujada ta ƙarshe fiye da yadda na taɓa gani. Da muka yi sallama na duba, babu kowa a bakin kogin, kuma daga ranar ba mu sake samun wanda ya ba mu labarinsa ba.